Darasin yanayi ya faɗa cikin siyasa a Amurka

Malaman firamare da dama a Amurka sun daɗe suna dogaro da shafukan intanet na gwamnati wajen koya wa yara yadda hadari ke haɗuwa da abin da ke haddasa guguwa, kasancewar darussan kyauta ne, kuma masana sun tantance su.

Sai dai a shekarar 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta sallami ma'aikatan shafin Climate.gov na hukumar NOAA, mai ɗauke da sashen malamai, aka kuma karkatar da shi zuwa wani adireshi.

Matakin ya shafi batun sauyin yanayi ne, ba hasashen ruwan sama ba. To amma a aji da wuya a raba su, domin yaron da aka koya wa auna zafi zai tambayi dalilin ƙaruwarsa.