NI MAI SAYAR DA ZOGALE, AMMA BA NA CIN ZOGALE

'Yan uwa masu bibiyar wannan saƙo, na nan gida Ruwan Godiya da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, da na nesa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu.

Yau ba magani zan ba ku ba, ra'ayi zan faɗa. Wata baiwar Allah ce ta turo mini saƙon murya tana kuka. Tana da ciki wata uku, maigidanta ya sayo man habbatus sauda ya ce kullum da asuba sai ta sha cokali guda. Ita kuwa ko warinsa ta ji sai amai. Da ta ƙi sha, sai ya ce mata imaninta ne da rauni, tunda tana ƙin abin da Annabi (SAW) ya yaba. Tambayarta ita ce: Malam, na yi zunubi?

'Yata, ba ki yi zunubi ba. Kuma bari in tona wa kaina asiri don hankalinki ya kwanta. Ni ɗin nan na haura shekara sittin, na daɗe ina shanya zogale ina dakawa ina ba mutane, na kuma ga amfaninsa da idona. Amma wallahi tun ina almajiri ba na iya cin kwaɗon zogale. Ko an cika shi da ƙuli da albasa, loma biyu zan yi in tsame hannu. Rama nake ci, ita ce tawa.

*ABIN DA YA ZO A SUNNA*

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) gasasshen dabbu, wata dabbar sahara dangin damo, a ɗakin uwar muminai Maimuna. Da aka sanar da shi ko mene ne sai ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, ya nuna masa ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓa ba. Khalid ya jawo ya ci, Annabi yana kallonsa bai hana shi ba.

Haka a Sahihu Muslim, lokacin da ya sauka a gidan Abu Ayyub al-Ansari a Madina, an kai masa abinci mai tafarnuwa ya mayar bai ci ba, ya bayyana cewa ba haram ba ce, warinta ne ba ya so. Abu Huraira kuma ya ba da labarin cewa Annabi bai taɓa aibata abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

To kun ga ladabin kashi biyu ne. Kana da damar ka bari, ba ka da damar ka aibata. Wanda ya ce "ni ba na iya shan habba" bai ƙaryata hadisin da ya yabi habba ba. Wanda ya yi wa hadisin izgili, wannan maganarsa daban, Allah ya tsare mu. Shan habba da zuma da man zaitun ba farilla ba ne, balle a auna imanin mutum da cokali.

Game da maras lafiya kuwa, Tirmizi da Ibnu Majah sun kawo hadisin Uƙba bin Amir da ke hana tilasta wa majinyaci ci da sha, kuma Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya yi masa sharhi a sashen magani na Zadul Ma'ad. Mai laulayin ciki ta fi kowa cancantar wannan sassauci. Abin da aka ɗura mata ta amayar, ina amfaninsa? Ta yi asarar man, ta yi asarar ɗan tuwon da ya zauna a cikinta.

*HARSHE BA ƊAYA BA NE*

Wasu suna ɗauka duk wanda ya ƙi abu mai amfani tsirfa ce ko iyayi. Ba kullum ba. A 1931 wani masanin haɗa sinadarai a Amurka mai suna Arthur Fox yana aiki da wani gari, ya tashi a iska, abokin aikinsa ya ce ɗaci ya dame shi, shi kuwa bai ji komai ba. Daga nan aka gano cewa jin ɗaci gado ne, wani harshen ya fi wani kamawa. Ganyen da kake ci kana santi, ɗan uwanka yana jin sa kamar maɗaci. Halittar Allah ce.

Akwai kuma wanda jikinsa ne ke ƙi, ba bakinsa ba. Mutane da yawa in sun sha ɗanyar madara sai kumburin ciki da gudawa, amma kindirmo da nono mai tsami ba sa damunsu sosai. Mai gyambon ciki ɗanyar tafarnuwa tana iya tayar masa da ciwo, kuma wanda likita ya ɗora kan maganin tsinka jini ya yi hattara da yawan cin ta. Zuma waraka ce kamar yadda ya zo a Suratun Nahli, amma tana ɗaga sukari a jinin mai ciwon suga, kuma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Wanda kuwa in ya ci gyaɗa ko kifi ko ƙwai jikinsa ke yin borin jini, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, kada a sake ba shi ko a ɓoye. Wannan yana iya kisa.

*IN KA ƘI WANNAN, GA WANCAN*

Kuskurenmu, har da mu masu magani, shi ne mun mayar da lafiya sunan abu ɗaya. Bana zogale, baɗi man zaitun, kowa ya bi yayi. Alhali abin da jiki ke nema a cikin zogale, wato sinadarin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi da na lafiyar ido, Allah ya rarraba shi a wasu ganyayyakin. Ga rama, ga alayyahu, ga lalo, ga tafasa, ga ganyen wake, ga kuka da muke kaɗawa kullum. Wanda ba ya son kifi ga wake, ga waken suya a yi awara, ga gyaɗa, ga ƙwai. Wanda ba ya son karas ga kabewa da manja da mangwaro da gwanda. Kabewar ma Anas bin Malik ya ga Annabi (SAW) yana bin ta a gefen akushi.

Wannan magana ta fi nauyi a wurinmu. Kowa ya san halin da rashin tsaro ya jefa manoman yankin nan, gonaki nawa aka bari, kuma kowa ya san kuɗin kwanon masara. Sai ka ga magidanci ya je Funtua ya kashe kuɗin cefanen kwana uku a ƙaramar kwalba ɗaya, matarsa ba ta ma iya sha. Da kuɗin nan ya sayi wake da manja da ƙuli, da gidan duka sun amfana. Ni mai sayar da kwalbar ne nake faɗa muku haka.

*INDA BAN YARDA A ƘYALE BA*

Kada wani ya ce Malam ya ba da fatawa a rayu a kan taliya da lemon kwalba. A'a. Wanda ya ƙi ganye ɗaya daban, wanda ya ƙi ganye duka daban. Na biyun yana cutar kansa, kuma jiki amana ne.

Yara kuma sai da dabara. Yaro yakan ƙi sabon abinci sau da yawa kafin ya karɓa. A riƙa sa masa kaɗan a gefe, ya ga manya suna ci, ba duka ba ɗure. Ɗure yana iya kai abinci hanyar numfashi, kuma yaron da aka doka a kan zogale zai tsufa yana ƙin zogale. Uwa tana iya zuba ƙaramin cokali na garin da aka shanya a inuwa cikin miyar kuka ko kunun gyaɗa, ɗacin zai ɓace.

Amma ku ji wannan da kyau. Yaron da ya daina cin komai, yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, wannan ba ƙin abinci ba ne, alamar tamowa ce. A kai shi asibiti ranar, kada a tsaya jiƙa saiwa. Haka babban da cin abinci ya fita ransa makonni yana zubewa, ya je a auna shi. Mai ciki da amai ya hana ta riƙe ko ruwa ita ma asibiti, kuma ta riƙe awo da maganin ƙarin jinin da ake ba ta.

Shi kuma maigidan 'yar nan tawa, na san ƙauna ce ta sa ka sayo, Allah ya saka. Ajiye kwalbar, ko kai ka sha. Tambaye ta abin da ranta ke karɓa, in faten wake ne ko ɗan dabino da nono, ka nemo mata. Kalmar raunin imani da ka faɗa kuwa, ka ba ta haƙuri, domin ta fi man ɗaci.

Wallahu a'alam. A tura wa 'yan uwa, musamman magidanta da surukai. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya sa albarka a abin da muke ci.