Kafin Ma'aikaci Ya Zuba Albashinsa A Kan Kwamfuta

A shekarun baya, kayan aikin akawu a ofishin gwamnati ba su wuce alƙalami da fayil da tafireta ba, ɗalibi kuwa in ya sami littattafansa da fitilar karatu ya gama shiri. Yau al'amarin ya sake. Takardar da za a kai gaban Babban Sakatare a kwamfuta ake shirya ta, lissafin kasafin kuɗi a kwamfuta ake yin sa, ɗalibin jami'a kuma ba ya kammala kundin bincikensa sai da ita. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, watau tun yaro bai taka ƙofar jami'a ba an riga an nuna masa irin zamanin da zai shiga. Saboda haka kwamfutar tafi-da-gidanka ta fita daga sahun kayan alatu, ta zama kayan sana'a, tamkar garma ga manomi ko keken ɗinki ga tela.

To, amma fa kayan sana'ar nan mai tsada ne. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Yuli na 2024 naira dubu 70 ne, kuma duk wanda ya leƙa kasuwa ya san cewa kwamfuta mai ɗan dama-dama, ko da ta hannu ce, tana lashe albashin watanni na ƙaramin ma'aikaci. Akwai wanda sai ya ci bashi a ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, akwai ɗalibin da sai an fitar da buhunan hatsi ko an kai rago kasuwa kafin a saya masa. Kuɗin da aka tara da irin wannan wahala bai dace a zubar da su a kan abin da ido kawai ya gani ya so ba. Abin takaici, haka ɗin ake yi. Mai saye yakan shiga shago a Titin Beirut na Kano, ko Banex a Abuja, ko kasuwar Computer Village ta Ikeja, ya ɗaga wannan ya ɗaga waccan, ya zaɓi wadda ta fi sirantaka da sheƙi, ya biya ya tafi. Sai bayan wata uku, ran da ya buɗe takardu biyar na'urar ta tsaya cik, ko ran da ya je taro ya rasa inda zai jona wayar majigi, sa'an nan zai gane abin da ya saya.

Wannan son sirantaka yana da asali. Osborne 1, wadda aka fitar a 1981, kuma ake lissafa ta cikin kwamfutocin farko da mutum zai iya ɗauka ya yi tafiya da su, nauyinta ya kusa kilo 11, ɗaukarta sai ka ce ɗaukar keken ɗinki. Daga nan kamfanoni suka yi ta tseren rage nauyi, har zuwa watan Janairu na 2008 da Steve Jobs ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan irin na ofis a gaban jama'a. Duniya ta yi tafi, sauran kamfanoni suka bi sahu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, na'urar ta zo da kafar USB guda ɗaya tak, babu wurin saka faifai, babu kafar wayar intanet. Dalili kuwa shi ne babu yadda za a rage kaurin na'ura ba tare da an fitar da wani abu daga cikinta ba, kuma abubuwa biyun da aka fi sadaukarwa su ne kafofin jona kaya da kuma damar ƙara ƙwaƙwalwa. Waɗannan biyun kuwa su ne suka fi yi wa mai ƙaramin ƙarfi amfani.

Maganar ƙwaƙwalwa ita ce aka fi ruɗa mutane a kanta, domin abu biyu ne daban ake kira da suna ɗaya. Ma'aikacin ofis zai fahimta da sauri. Akwai teburin akawu, inda yake shimfiɗa fayil ɗin da yake aiki a kansu a yanzu, akwai kuma ɗakin ajiya inda ake jibge sauran fayil. Teburin shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wadda 'yan kasuwa ke kira RAM. Ɗakin ajiyar shi ne rumbun na'ura. In tebur ƙarami ne, komai girman ɗakin ajiya, sai akawu ya riƙa mai da fayil ɗaya kafin a ɗauko masa wani, aikin awa guda ya zama na yini. Mai shago yakan ce kwamfutar nan gigabait 500 ce, mai saye ya ji adadi mai yawa ya yi murna, alhali girman ɗakin ajiya aka gaya masa, ba a ce komai game da teburin ba.

Kamfanin Microsoft ya ce Windows 11 za ta tashi a kan RAM mai gigabait 4. Tashi dai za ta tashi, kamar yadda tsohuwar mota ke tashi da turi, amma ba a yin aikin kirki a haka. Gigabait 8 shi ne abin da zai ishi mai rubuta takardu da ɗan leƙa intanet. Wanda kuwa ke aiki da manyan jadawalin lissafi, ko ɗalibin injiniya da na zanen gine-gine da na ƙididdiga, ya nemi 16. Shi kansa kamfanin Apple, wanda ya daɗe yana sayar da na'urorinsa masu tsada da gigabait 8, a watan Oktoba na 2024 ya ɗaga mafi ƙarancin abin da yake sakawa a MacBook zuwa 16.

Tambayar da ta fi adadin muhimmanci ita ce: za a iya ƙarawa? A na'urori masu ɗan kauri, RAM wani ɗan siririn allo ne da ake cusawa a gurbinsa, kowane mai gyara zai kwance murfin ƙasa ya cire ya saka wani cikin minti goma. A yawancin sirara kuwa, an like ta da dalma a jikin uwar allon na'urar tun daga masana'anta. Abin da aka saya da shi, da shi za a rabu da na'urar, kuma in ƙwaƙwalwar ta lalace sai a nemi uwar allo gaba ɗaya. Ma'aikacin da kuɗinsa suka isa gigabait 8 bana, yana fatan ƙarawa baɗi in an biya bashin albashi, gurbin nan shi ne dukan bambancin da ke tsakanin na'urar shekara uku da ta shekara bakwai. Sunan kamfani ma bai isa shaida ba. Alal misali, ThinkPad T480 ta 2018 tana da gurbin RAM biyu, har da batir na waje da ake cirewa a sauya. Ƙanwarta T490, wadda ta biyo baya da shekara guda, an like mata kashi ɗaya na ƙwaƙwalwar an bar gurbi guda, an kuma janye batirin na waje. Gida ɗaya, suna kusan ɗaya, hali daban. Lambar samfurin ake dubawa.

Shi kuwa rumbun ajiya, maganarsa gajeruwa ce. Tsohon nau'i mai faifai da ke juyawa a ciki yana da nawa, kuma faɗuwa ɗaya daga kan babur tana iya kashe shi da duk abin da ke ciki. Wanda ake kira SSD ba shi da abin da ke motsi, ya fi sauri nesa ba kusa ba. SSD mai gigabait 256 ya fi tsohon faifai mai gigabait dubu amfani ga wanda aikinsa takardu ne.

Sai batun kafofi, inda bambancin ofisoshin ƙasar nan da ofisoshin da aka ƙera na'urorin dominsu ya fi fitowa fili. Wanda ya tsara kwamfuta mai kafa ɗaya ko biyu ya ɗauka cewa mai ita yana zaune ne a inda intanet ba ya yankewa, inda firinta ke karɓar takarda ta iska, inda ba a miƙa wa juna filasha. A sakatariyar jiha ko ofishin ƙaramar hukuma, firintar da ke kan tebur tana iya kai shekara goma, wayarta mai faffaɗan kan USB ce irin ta da. Majigin ɗakin taro ko na ɗakin lacca HDMI yake so, wani ma VGA, kafar nan mai shuɗin kai da kamfanin IBM ya fitar tun 1987. Ɗalibi kuwa rayuwarsa a kan filasha take, daga ɗakin kwana zuwa shagon buga takardu zuwa ofishin malamin da ke duba aikinsa. Za a ce ai akwai adafta. Akwai, amma kuɗi ne na daban, mai araharta ba ta jimawa, kuma ita ce abin da ake mantawa a gida ranar da Kwamishina ke zaune yana jiran a haska bayani a bango.

Kada a ɗauka wannan ƙorafin mutanen da zamani ya bari a baya ne. A 2015 Apple ya fitar da MacBook mai kafar USB-C guda ɗaya, wadda ta nan ake caji, ta nan ake jona komai. A 2016 ya share sauran kafofin daga MacBook Pro, ya bar irin wannan sabuwar kafa da ta abin sauraro. Masu aiki da na'urorin suka yi ta guna-guni shekara biyar, har a 2021 kamfanin ya dawo da HDMI da gurbin katin kyamara. In masu ɗaukar hoto na Amurka da Turai sun kasa haƙuri da rashin kafofi, ina ga jami'in da ke aiki da firintar da ya gada daga wanda ya riga shi a kujerar?

Duk da haka USB-C abar nema ce, a matsayin ƙari a kan tsofaffin kafofin. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan wayoyi daga ƙarshen Disamba na 2024, ta kuma sa 28 ga Afrilu na 2026 a matsayin ranar da dokar ke hawa kan kwamfutocin tafi-da-gidanka, don haka nan gaba ita za ta mamaye kasuwa. Amfaninta a nan shi ne na'urar da ke caji ta wannan kafa ana iya ciyar da ita daga babban batirin ajiya na hannu in wuta ta ɗauke. Sai dai akwai tarko: ba kowace kafa mai wannan siffa ce ke caji ko fitar da hoto ba, wata bayanai kawai take ɗauka, alhali a ido duk ɗaya suke. A gwada a shago.

Nauyi ba abin rainawa ba ne, kuma wanda ya taɓa ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da jaka a baya cikin zafin Afrilu ba zai raina shi ba. Amma lissafin a yi shi da gaskiya. Na'ura mai inci 14 irin ta ofis takan kai kilo ɗaya da rabi ko kusa da haka; siririyar da ake yayi ta fi ta sauƙi da abin da bai kai rabin kilo ba, kuma in aka haɗa da adaftocin da dole a ɗauka tare da ita, ratar ta ƙara raguwa. Abin da ya fi tabbatar da cewa na'ura ta tafi-da-gidanka ce a ƙasar nan shi ne batirinta. Waɗanda suka ga yadda jihohin Arewa da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu a watan Oktoba na 2024 sun san haka. Batirin na'urar hannu kuwa ya riga ya ci rabin rayuwarsa a wata ƙasa, saboda haka a tambaya ko ana samun irinsa a kasuwa, kuma ko sukurori ne suka riƙe shi ko gam.

Akwai wani haɗari da ya shafi masu sayen na hannu musamman. A ranar 14 ga Oktoba na 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuma, a bisa ƙa'idar kamfanin, ba ta karɓar galibin na'urorin da injinsu na Intel ya girmi tsara ta takwas, wadda ta fito a 2017. Ke nan ofisoshin ƙasashen waje suna da dalilin sauke tsofaffin na'urori masu yawa, kuma an san kasuwannin da irin wannan kaya ke sauka. Mai shago zai ce wannan Core i7 ce, mai saye ya ɗauka ta fi i5. Alhali i7-4600U ta 2013 ce, i5-8250U kuwa ta 2017 ce, ta fi ta ƙarfi, kuma ita ce ke karɓar sabuwar Windows. A waɗannan lambobi biyu, adadin farko bayan ɗan layin shi ne tsara. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin ƙi shi ne a sayar wa mutum rariya da sunan ƙwarya.

Lalle ne ma'aikatun gwamnati su ma su gyara nasu tsarin. Idan za a ba da kwangilar sayen kwamfutoci ga ma'aikata ko makarantu, bai isa a rubuta sunan kamfani da adadin guda nawa ba, domin ɗan kwangila zai kawo mafi araha da ke ɗauke da wannan sunan. Ya kamata takardar ta fayyace yawan RAM da ko ana iya ƙara ta, nau'in rumbu, tsarar inji, da kafofin da suka dace da firintoci da majigin da ma'aikatar ta riga ta mallaka, sa'an nan jami'in sito ya ƙi sa hannu sai an buɗe an duba. Jami'o'i da kwalejoji kuma ba za su yi asarar komai ba in kowane sashe ya liƙa wa sababbin ɗalibai takarda guda mai bayanin irin na'urar da karatunsu ke bukata, kafin iyaye su sayar da abin da za su sayar.

Shi kuwa mai saye na ƙashin kansa, ya tafi kasuwa da filasharsa a aljihu da wani wanda ya san kan abin. Ya sa a kunna na'urar a gabansa, a buɗe shafin da ke nuna RAM da lambar inji ya karanta da idonsa, ya cusa filashar a kowace kafa ɗaya bayan ɗaya, a zare caja a bar ta tana aiki rabin awa ya ga yadda batirin ke sauka. In mai shagon ya ƙi yarda a kwance murfin ƙasa a ga gurbin ƙwaƙwalwa, akwai wani shagon a gaba.