Tsohon Jirgi Mai Sauka Kan Ruwa Da Tudu

A wannan wata za mu leƙa wata sana'a da ta yi kama da ta makanikanmu na bakin tasha, sai dai su mutanen nan tsofaffin jiragen sama suke tayarwa, irin waɗanda ke sauka kan ruwa su kuma sauka kan tudu.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Catalina, ƙirar kamfanin Consolidated na Amurka. Ya fara tashi a 1935, an kuma ƙera fiye da 3,000. Cikinsa kamar kwalekwale yake. Wasu an yi musu tayoyi masu naɗewa, su ne ke iya sauka a filin jirgi. Faɗin fukafukansa ya kusa mita 32, injinansa biyu, kowanne da silinda 14. Ba shi da sauri, amma akwai juriya: a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Qantas ya riƙa tashinsa daga Ostireliya zuwa Silon, wato Siri Lanka ta yau, tafiyar fiye da awa 24 ba sauka. Nahiyarmu ma ta san danginsa, domin tun 1937 jiragen Sikorsky S-43 na kamfanin Aéromaritime ke bin gaɓar teku daga Dakar zuwa Pointe-Noire, suna yada zango a Duwala.

Yau kaɗan ne suka rage masu iya tashi. Babban abokin gabarsu kuwa shi ne ruwan da aka yi su dominsa. Ruwan gishiri yana cin gorar jikin jirgin, ya ɓuya a ƙarƙashin ƙusoshi inda ido ba ya kai wa. Dole a buɗe, a duba, a yanke wurin da ya ci, a sa sabon falle, a buga ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Ƙusa guda ta yi sako-sako, ruwa ya samu ƙofa. Kayan gyara kuma an daɗe da daina ƙera yawancinsu. Sai a nemo a jikin wani mataccen jirgi ko a ƙera da hannu.

Ga misali. Akwai wani Catalina da ake kira Miss Pick Up, wanda aka ƙera a Kanada a 1943. Bayan aikin soja ya yi shekaru yana kashe gobarar daji, kafin a kawo shi Duxford ta Ingila a 2004, inda wasu mutane suka haɗa kuɗi suka mallake shi tare, kusan kamar adashi. A watan Oktoba na 2020 ya sauka a tafkin Loch Ness na Sikotilan, sai inji ɗaya ya ƙi tashi. Ga hunturu na matsowa, ga jirgi mai shekara 77 a kan ruwa, iska mai ƙarfi na iya hallaka shi. Aka ja shi zuwa gaɓa, aka ɗaga shi da ƙugiya zuwa tudu, jama'a suka yi karo-karo, makanikai suka sauya injin a fili cikin sanyi.

A ganinmu su ne suka cancanci yabo fiye da matuƙin, ko da yake shi ake ɗauka hoto. A farkon Disamba na shekarar aka mayar da jirgin kan ruwa, ya tashi da kansa ya bar tafkin.