MOTA DA MAI ITA: Kayan Da Ake Tanada Kafin Juyen Baƙin Mai A Gida

Tsadar rayuwa ta sa masu motoci da dama, musamman ma'aikata da 'yan tasi, sun koma yin juyen baƙin mai da kansu a ƙofar gida ran Asabar da safe, maimakon kai wa bakanike. Wannan ba laifi ba ne, gama aikin ba ya cin fiye da rabin sa'a ga wanda hannunsa ya saba. Amma fa yawancin ɓarnar da ke biyo bayan juye tun daga kasuwa ake sayo ta, kafin ma mai mota ya shimfiɗa tabarma ya kwanta a ƙarƙashin inji.

Abu na farko shi ne man kansa. Akwai wata magana da ta zauna a zukatan mutane tun zamanin Peugeot 504, watau Fijo, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wai mai kauri shi ne mai kyau. Har yanzu akan ga mai saye ya ɗiga mai a yatsa, ya murza, in ya ji danƙo ya ce madalla. A wancan zamani maganar tana da hujja, domin injunan lokacin suna lafiya da mai irin 20W-50. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudu sa'ad da inji ya yi sanyi, ta biyu kuwa tana nuna kaurinsa bayan inji ya ɗauki zafi. To, motocin da suka cika titunan ƙasar nan yanzu, irin su Toyota Corolla da Camry da Honda Accord, hanyoyin mai na cikin injinsu ƙanana ne ƙwarai, kuma da ƙarfin man ne ake sarrafa lokacin buɗewa da rufewar bawul. Yawancinsu 5W-30 ko 5W-20 ko 0W-20 masu ƙera su suka rubuta musu. In aka ɗura wa irin wannan inji mai kauri, aka tayar da shi da asuba cikin hunturun Jos ko na Kano, man zai yi nawa kafin ya isa sama, a cikin waɗannan daƙiƙoƙi kuwa ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Ba ran nan motar za ta tsaya ba, shi ya sa mutane ba sa gane inda cutar ta fito.

Sabo da haka littafin motar shi ne alƙali. In babu littafi, sai a duba murfin wurin zuba mai, gama sau da yawa lambar tana nan a rubuce. Kana a duba jikin galan, inda aka rubuta API. Harafin S na injin fetur ne, C na injin gas. Harafin da ke biye yana nuna zamanin man: SF ya fito a 1980, SL a 2001, SN a 2010, SP a 2020. Sabon mai yana iya aikin tsohon inji, amma man da ya tsaya a SF ba shi da abin da zai yi wa motar da aka ƙera a 2010. Shi kuwa man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, babu wanda ya san asalinsa, wani lokaci ma tsohon mai ne aka tace. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sha kama jabun mai a kasuwanni. Lalle ne a sayi galan mai hatimi wanda ba a taɓa buɗewa ba, kuma a san lita nawa injin ke ci. Ƙananan motoci masu silinda huɗu sukan ci wajen lita 4, wasu da ɗoriya kaɗan.

Sai filta. Ita ce mai yaudarar ido, domin biyu sukan yi kama kamar tagwaye, alhali zaren ɗaurinsu da faɗin robar bakinsu sun bambanta. A cikinta kuma akwai bawul da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe mota, abin da jabu ba safai take da na kirki ba. Alamar haka ita ce fitilar mai ta daɗe a kunne da safe, inji yana ƙara. Wanda zai je Ladipo a Ikko, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya tafi da lambar tsohuwar filta ko lambar jikin motar, kada ya dogara ga "ai duk ɗaya ne" na mai shago. Wasu motocin Toyota na baya-bayan nan ma takardar ciki kaɗai ake sauyawa, kuma murfinta yana da nasa mabuɗi na musamman. Masu tsohuwar Volkswagen ƙirar kunkuru su kam sun huta, gama ba ta da filta, raga ce kawai ake wankewa a mayar.

Akwai wani ɗan zobe na tagulla ko na alminiyam a wuyan notin da ake kwancewa mai ya zuba. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma sau ɗaya aka yi shi don a matse. In aka mayar da tsoho, mai ya riƙa ɗiga, sai mai mota ya ƙara ɗaure noti da ƙarfi, daga nan zare ya cinye, aikin rabin sa'a ya koma na cire kaskon mai gaba ɗaya.

Wajen kayan aiki, sifana mai zobe wadda ta yi daidai da kan notin ita ake nema. Na Toyota yawanci lamba 14 ne, na Honda 17, wasu motocin Faransa kuwa raminsu mai kusurwa huɗu ne, sai da mabuɗinsu. Filaya da sifana mai ƙari da ragi suna cinye kan noti ne kurum. Mabuɗin filta na kwancewa ne. Wajen ɗaurawa hannu ya isa: a shafa wa robar ɗan sabon mai, a murɗa har ta taɓa jikin inji, sa'an nan a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. A tanadi daro mai faɗi wanda zai ɗauki fiye da man da ke cikin injin, da mazurari mai tsabta, da tsumma.

Batun jak kuwa batun rai ne. Jak ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne don sauya taya, ba don mutum ya sa ƙirjinsa a ƙarƙashi ba. A nemi ƙafafun ƙarfe na tokare mota, a kafa su a ƙasa mai tauri wadda ba ta da gangara, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyin baya waigi. Bulon siminti yakan farfashe ba tare da gargaɗi ba.

Bayan an zuba sabon mai, a bar inji ya yi aiki minti biyu, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, a kashe, a jira kaɗan, kana a zaro geji a tabbata man yana tsakanin alamomin nan biyu. Tsohon man a mayar da shi cikin galan ɗin da ya zama fanko a kai wa masu gareji, kada a tuttular a kwata ko kusa da rijiya. A rubuta kwanan wata da lambar kilomita a takarda, domin a ƙasa mai ƙura da cunkoso irin wannan, littattafan motoci da yawa kilomita 5,000 suka yanka tsakanin juye da juye.