DAGWALO A TSAKAR GIDA: KWARFA BA MAGANI BA CE

Ina son jan hankalin 'yan'uwana matasa ne kan wani al'amari da da yawanmu ke jin nauyin ambatonsa a cikin jama'a, alhali kuwa duk damina sai ya iske mu har tsakar gida, wato dawowar ruwan kwata da na masai cikin gidajen da ke kwari. Duk wanda ke zaune a unguwannin gefen Jakara a birnin Kano, ko a gidan da aka gina kan tsohon kududdufin da aka cike da shara, ya san abin da nake nufi. Da zarar watan Agusta ya kama aka tafka ruwa, sai rariya ta shiga aman abin da aka ba ta, masai ya tumbatsa, iyayenmu mata su kwana suna kwarfa da bokiti. Gari ya waye a wanke tabarmi, a ce sai haƙuri, a zauna jiran na baɗi.

To ni dai a ganina, abin da ke dawowa duk shekara a wata guda, ta ƙofa guda, yana da dalili, kuma ana iya gano shi. Ruwa ba ya hawa tudu. Idan hanyarsa ta toshe, ko ta cika, zai nemi mafi ƙasƙancin rami ne ya ɓullo, kuma a layin da ke kwari wannan ramin shi ne rariyar gidanka ko bakin masanka. Mafi yawan gidajenmu ba su haɗe da wani babban bututun gwamnati. Abin da muke da shi shi ne salga, ko sokawe, sai rariyar da ke zuba a kwatar waje. Shekara da shekaru ana ciko a layi, ana zuba ɓaraguzai, ana ɗaga titi, gida kuwa yana nan inda kakanni suka bar shi. Ƙarshenta ruwan da ke cikin kwata ya fi tsakar gida tudu. Ina kake so ya nufa?

Saboda haka kafin a kashe ko kwabo, a fara gane irin cutar. Idan makwarara ɗaya ce kaɗai ke jinkiri, sauran na tafiya, toshewar na kusa da ita. Idan duka gidan ne ya tsaya alhali ba a yi ruwan sama ba, to ko babban bututun ya toshe, ko ramin ya cika. Idan kuwa sai an yi ruwa abin ke faruwa, to matsalar daga waje take: ko kwata ce ke turo ruwa ciki, ko kuma ƙasa ta ƙoshi har ramin da aka haƙa don ya tsotse ruwa ya koma shi ke karɓa. Kowanne da maganinsa. Wanda ya kira mai sandar zura bututu alhali ƙasa ce ta ƙoshi, ya yi asarar kuɗinsa.

Toshewa dai hannunmu ne ke kawo ta. Maiƙon miya da kitse da ake juyewa a rariya suna daskarewa a jikin bututu, yashi da tokar wanke tukunya su kwanta a kai, leda da tsumma da ƙunzugun yara na zamani su zo su rufe sauran. Saiwar darbejiya ita ma tana bin danshi ta shiga duk inda bututu ya tsage. Wayar raga a bakin rariya, da gwangwanin tara maiƙo a madafa, sun fi kiran mai gyara sau uku araha. A kuma lura da yadda aka shimfiɗa bututun tun farko. Mai faɗin inci 4 yana bukatar gangare na kimanin inci 1 a kowace ƙafa 4, kuma a bar ɗan akwatin dubawa mai murfi a duk inda ya yi kwana, don kada sai an fasa daɓe kafin a kai ga toshiyar.

Shi kuma rami, ba a jira sai ya yi amai. A kira masu kwashewa tun da rani, mota ce ko 'yan gidan-kowa-da-akwai, a kuma tambaye su inda za su kai, domin wanda ya biya aka juye masa ƙazantarsa a kwatar layi da tsakar dare ya aika wa maƙwabcinsa na gangare ne. Kada a bari ruwan indararo ya shiga sokawe, don ruwan rufin gida na dare ɗaya na iya cika ramin da zai yi watanni yana aiki. Mai haƙa sabuwar salga a kwari ya ɗaga bakinta sama da inda ruwa ke kaiwa, ya gina jikinta da bulo, kada ya zurfafa har ya kusanci ruwan ƙasa. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce a bar aƙalla mita 1.5 tsakanin gindin ramin da ruwan ƙasa, da kimanin mita 30 tsakaninsa da rijiya.

Ga gidan da kwata ke turo wa ruwa, akwai wani ɗan murfi da ake sa wa a bututun fita, mai buɗewa waje kaɗai. Ruwan gida ya tura shi ya wuce, na waje in ya taso ya danne shi ya rufe. Amma fa a sani, muddin yana rufe, ruwan gidan ma ba shi da mafita, sai a dakata da wanki da wanka har kwata ta janye. Kuma tsinke ɗaya in ya maƙale a bakinsa ya gama aiki, don haka a riƙa buɗewa ana sharewa kafin damina da tsakiyarta. A haɗa da ɗaga dokin ƙofa.

Sai dai duk wannan rabin aiki ne in kwatar layi na cike. A nan ne nake kira gare mu matasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Afrilu da Mayu ne lokacin yasa, kuma daga gangare ake farawa a hauro, domin wanda ya fara daga tudu ya tura wa na ƙasa bala'i ne. A buɗe kwalbati, a kwashe abin da aka yaso a ranar, kada a tara shi a gefe ruwan farko ya mayar. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli a Kano, me zai hana samarin kowane layi su mai da ita ranar aiki maimakon ranar barci?

Wani zai ce ai aikin gwamnati ne, wani ya ce shi haya yake. Gaskiya ne manyan magudanai da hana gini a kan hanyar ruwa hakki ne a wuyan hukuma, kuma ya kamata mu je da mai unguwa mu kai kuka a rubuce, mu yi ta bibiya. Gyaran rami kuma hakkin mai gida ne, a yi magana da shi tun ranar biyan haya. Amma cuta ba ta jiran a gama shari'a. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne kan gaba. Hanyarta kuwa ita ce bayan gida ya haɗu da ruwan sha. Ban da wannan, ya ɗan'uwa, wane tsarki ne ya rage a ɗakin da najasa ta malale shimfiɗarsa da tufafinsa?

In kuma abin ya riga ya auku, a fara kashe wutar lantarki, a fitar da yara, a sa takalmin roba da safar hannu. A wanke daɓe da sabulu sannan a bi da ruwan bilic, kada a kuskura a gauraya shi da asid ɗin wanke masai, don hayaƙinsu guba ne. Ruwan rijiyar gidan a tafasa shi kafin a sha. Wanda gudawa ta kama a ba shi ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a garzaya asibiti. Kuma don Allah kada jarumta ta sa wani ya shiga cikin sokawe. Iskar da ke ciki na sumar da mutum nan take, kuma sau da yawa mai shiga ceto shi ne gawa ta biyu.

Alhasali, kowa ya duba gidansu a wannan mako, ya gano ta inda ruwan ke shigowa, sannan ya nemi samarin layinsu a tsai da rana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrinta. Wassalam.