Musanya Magani: A Ba Mai Haɗa Magani Iko, Amma Da Sharaɗi

Tun da kamfanin GSK ya ba da sanarwar janye harkarsa daga Nijeriya cikin watan Agusta na 2023, kuɗin magunguna irin su Augmentin da Ventolin ya yi tashin gwauron zabo. A unguwannin kudancin kogin Kaduna, wato Kakuri da Makera da Barnawa da Sabon Tasha, inda rufe masaƙu ya riga ya karya tattalin gidaje da yawa, abin ya fi ciwo. Mutum zai fito asibiti da takardar likita, a faɗa masa kuɗi, ya ninke takardar ya koma gida.

Galibin waɗannan magunguna kuwa suna da 'yan'uwa masu araha. Augmentin sunan kasuwa ne kawai. Abin da ke cikinsa amoxicillin ne da clavulanic acid, kuma kamfanoni da dama suna yin irinsa. Tun 1989 Gwamnatin Tarayya ta kafa Doka ta 43 kan jerin muhimman magunguna, wanda aka tsara da sunayensu na asali. Duk da haka hannun likitoci da yawa ya saba da rubuta sunan kamfani.

A ganinmu, ya kamata doka ta fito fili ta ba masanin haɗa magunguna mai rajista ikon musanya mai tsada da ɗan'uwansa mai araha. Afirka ta Kudu ta yi haka a gyaran dokar magunguna na 1997: wajibi ne mai haɗa magani ya sanar da majiyyaci, ya ba shi mai arahar, sai fa in majiyyacin ya ƙi, ko likita ya rubuta da hannunsa cewa kada a musanya.

To, amma fa a lura. Ikon nan na wanda ya yi karatun ne, wanda Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya ta yi wa rajista. Yaron kemis da ke bayan kanta a lungun Kakuri ba ya ciki, domin shi tun farko lasin mai gidansa bai kai ga magungunan da sai da takardar likita ake sayarwa ba. Haka kuma akwai magungunan da ba a wasa da awonsu, kamar na farfaɗiya irin su phenytoin da carbamazepine. Majiyyacin da likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa suka sha wahala kafin su daidaita shi a kan wani magani, bai kyautu a sauya masa wani ba tare da an tuntuɓe su ba. Sa'an nan duk abin da za a bayar a madadi, lalle ya kasance da lambar NAFDAC ta gaskiya, don jabun magani shi ne ya sa jama'a suke tsoron mai araha.

Ma'aikatan gwamnati su ne batun ya fi shafa. A tsarin inshorar lafiya na tarayya, wanda aka soma a 2005, kuma dokar 2022 ta mai da shi tilas, ma'aikaci yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani, kuma jerin magungunan tsarin da sunan asali yake. Jihar Kaduna ma tana da tata hukumar, KADCHMA. Idan likita ya rubuta sunan kamfanin da ba ya cikin jeri, ko aka ce wa ma'aikaci magani ya ƙare, sai ya nufi kanti ya biya kuɗin duka daga aljihunsa, alhali an riga an tanadi kuɗin lafiyarsa. Wannan biya biyu ke nan.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna da hukumar KADCHMA da su wajabta rubuta sunan asali a asibitocin da ke cikin tsarin, su kuma tilasta wa asibitin da maganinsa ya ƙare ya nemo wa majiyyaci, ko ya mayar masa da kuɗin da ya kashe a waje.