Harufa Biyu Da Suka Ciyar Da Umma A Ƙasar Sin

 Makonni uku ke nan ba ku ji ɗuriyarmu ba, har wasunku sun aiko suna tambaya ko jarrabawa ce ta ɓoye mu. Ba jarrabawa ba ce. Tafiya muka yi gida guda zuwa ƙasar Sin, kuma yau za mu ba ku tsarabarku.

Abbanmu ya daɗe yana saro yadi daga birnin Guangzhou, wanda 'yan kasuwar Kantin Kwari ke kira Gwanzu. Ya yi alkawarin duk shekarar da mu manya biyu muka shiga jami'a zai kai mu mu gani da idonmu. Sai da ya yi tanadi na shekaru kafin alkawarin ya cika. Mu biyar muka tashi: Abba, Umma, mu biyu, da Autanmu da ke aji uku na ƙaramar sakandare. Tun a gida aka fara taƙaddama, domin Umma ta ɗaure kilishi a jaka, Abba kuwa ya ce a cire, kwastan na Sin ba sa barin a shiga da nama. Ta cire tana ƙunƙuni, ta bar yaji da ƙuli-ƙuli.

Mun bi ta Addis Ababa muka sauka Gwanzu. Abin da ya fara rikita mu shi ne agogo: Sin tana gabanmu da awa 7, kuma duk faɗin ƙasar agogo ɗaya ake bi. Lokacin da ake sallar isha'i a can, a Kano ba a daɗe da yin azahar ba. Alƙibla ma ta juya. Mu da muka saba fuskantar gabas, a can yamma ake kallo, domin Makka tana yammacinsu. WhatsApp da Facebook ba sa aiki a layin ƙasar, kowa WeChat yake amfani da shi, har mai sayar da ruwa a bakin titi da waya ake biyansa.

A Gwanzu ba mu sha wahalar abinci ba, saboda garin Abba ne. Ya kai mu unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka ke taruwa, muna tafe muna jin Hausa jefi-jefi kamar a Fagge. Mun ziyarci masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan Sin, mai hasumiya zagayayya da ta kai kimanin mita 36. Mutanen wurin suna danganta kafa shi da Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, har akwai kabari a garin da suke cewa nasa ne, ko da yake littattafan tarihin Musulunci sun nuna a Madina aka binne shi. Da dare Abba ya kai mu wani shagon taliya, inda wani saurayi mai farar hula ke jan ƙullun fulawa da hannu yana ninkawa, kafin ka ƙifta ido ya zama zaren taliya, a zuba romon naman shanu a kai. Taliyar Lanzhou ake kiranta. Muna ci Auta yana zana wani abu a littafinsa. Da muka leƙa, harufa biyu ne na Sinanci da ya gani a allon shagon. Muka yi masa dariya, muka ce ko hannunsa na Turanci bai gama gyaruwa ba.

Daga nan muka hau jirgin ƙasa mai gudun gaske zuwa Bejin. Tafiyar kusan kilomita 2,300 ce, amma a cikin awa 8 da ɗoriya muka isa. Akwai allo a cikin jirgin da ke nuna gudunsa, muka ga ya kai kilomita 300 a awa ɗaya, shayin da ke gabanmu bai ko zuba ba.

A Bejin ne matsala ta taso. Abba bai taɓa zuwa garin ba, sanin da ya yi wa Sin na kasuwa ne da masauki da filin jirgi. Umma ta ce ba za ta ci abin da ba ta tabbatar da shi ba, kuma tana da hujja. Naman alade shi ne naman da aka fi ci a ƙasar. Idan aka rubuta kalmar nama kawai a jerin abinci ba tare da an faɗi na wace dabba ba, galibi alade ake nufi. Ko ganye ma akan soya shi da kitsen alade, wani girkin kuma a zuba masa giyar shinkafa. Umma ta riƙa duba allunan gidajen abinci tana neman kalmar halal da Larabci, ba ta gani ba. Daga baya muka fahimci cewa tun 2019 hukumomin Bejin suka sa aka cire rubutun Larabci daga allunan irin waɗannan shaguna. Saboda haka kwana uku Umma tana kan biredi da shayi da ayaba da ƙuli-ƙuli. Mu ma haka, sai dai jikin yaro da na babba ba ɗaya ba ne.

A haka muka shiga tsohuwar fadar sarakunan Sin, wadda ake kira Haramtaccen Birni domin a da talaka ba ya shiga sai da izini. An fara gina ta a 1406 aka gama a 1420, sarakuna 24 suka zauna a ciki, na ƙarshensu, Puyi, an fitar da shi a 1924. Yanzu gidan tarihi ne. Sai an yanki tikiti ta intanet da lambar fasfo tun kafin ranar, kuma ba a buɗewa ranar Litinin. Kana wuce ƙofa sai fili, ka wuce fili sai wata ƙofa, rufin galibi ruwan ɗorawa saboda launin sarki ne. Auta ya ja rigar Abba ya ce, “Abba, na ga harufan nan nawa a wani shago kusa da masaukinmu.” Abba yana ƙoƙarin kada mu ɓace a cikin jama'a, ya ce, “To, Auta, an ji.” Ba wanda ya koma kan maganar.

Washegari muka tafi Babbar Ganuwa, ta ɓangaren Mutianyu, kimanin kilomita 70 daga Bejin. A nan za mu gyara muku abu biyu da muka taso muna ji. Na farko, ba katanga ɗaya ba ce miƙaƙƙiya, katangu ne da yawa da dauloli daban-daban suka gina don kare kansu daga mahayan arewa. Awon da hukumomin Sin suka sanar a 2012 ya ce jimillarsu kilomita 21,196. Wadda baƙi ke hawa kusa da Bejin yawancinta ginin daular Ming ce, da ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644. Na biyu, ba gaskiya ba ne cewa ana hango ta daga wata. Yang Liwei, Basine na farko da ya je sararin samaniya a 2003, da ya dawo ya ce bai gan ta ba, shi da bai ma yi nisan wata ba.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne matattakala. Ganuwar tana bin bayan duwatsu ne, ta hau ta gangara, wata matattakalar gajera, wata sai ka ɗaga gwiwa har ƙirji. Ga zafi mai ɗanko. Mun wuce hasumiya biyu sai muka ga Umma ta dafa bango ta zauna, fuskarta ta canza. Ta ce jiri take gani. Abba ya durƙusa yana mata fifita da takardar tikiti yana cewa, “Hajiya, sannu. Laifina ne, da na sani mun tsaya a Gwanzu.” Muka ba ta ruwa da sukari, muka sauko da ita a cikin akwatin da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe. A mota ba mai magana. Abba ya fara lissafin yadda za a soke sauran tafiyar a koma gida, kuɗin da ya tara shekara da shekaru su tafi a banza.

Sai Auta ya buɗe littafinsa ya miƙa wa Umma. Ya ce, “Umma, duk shagon da muka ci abinci a Gwanzu akwai waɗannan a allonsa. Na ƙirga, guda huɗu.” Abba ya ɗauki hoton zanen ya tura wa tafintansa na Gwanzu, wanda Musulmi ne. Ba a yi minti biyar ba amsa ta zo. Harufan su ne 清真, ana furta su kamar cing-jan, kuma da su Musulmin Sin ke nuna cewa abinci halal ne. Ya ƙara da cewa mu je Niujie, ma'anarsa Titin Shanu, tsohuwar unguwar Musulmi a Bejin.

Da yamma muka je. Akwai masallaci a titin da aka kafa tun 996, gininsa irin na Sinawa, rufi mai lanƙwasa a gefe. A bakin ƙofa wani dattijo mai farar hula ya yi mana sallama, muka amsa, iyakar yaren da ya haɗa mu ke nan. Ya nuna mana wani gidan abinci da hannu. Aka kawo tukunyar tagulla mai garwashi a tsakiya, ruwa yana tafasa a kewaye, ka ɗauki yankan naman rago siriri kamar takarda ka tsoma, ya dahu nan take. Umma ta yi bisimilla, ta fito da yajinta daga jaka ta barbaɗa. Ba mu taɓa jin daɗin kallon mutum yana cin abinci kamar ranar ba. Musulmin da muka tarar a can 'yan ƙabilar Hui ne, sun haura miliyan 11 a ƙasar, Sinanci suke yi kamar kowa.

Tafiya ta ci gaba. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Xi'an, ana furta shi Shi'an, tsohon babban birnin Sin inda fataken siliki ke tasowa su nufi yamma. A wajen garin ne a 1974 wasu manoma suna haƙa rijiya suka ci karo da gutsattsarin yumɓu. Da masana suka tona, sai ga runduna guda ta sojojin yumɓu, kowane tsayin mutum, an ƙiyasta sun kai 8,000, ga dawakai ga kekunan yaƙi, kuma fuskokinsu sun sha bamban da juna. Sarki Qin Shi Huang ne ya sa aka yi su don su tsare shi bayan mutuwa. Shi ne ya haɗe Sin ƙarƙashin mulki ɗaya a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya daidaita rubutu da ma'auni da kuɗi. Asalinsu da fenti aka binne su, amma da iska ta taɓa su fentin ya ɓare, kuma har yau ba a buɗe kabarin sarkin kansa ba. Umma ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Duk wannan runduna, shi kaɗai ya kwanta.”

Tsohon birnin Shi'an yana da ganuwa da ta zagaye shi, kusan kilomita 14, faɗin samanta ya isa a yi hayar keke a zagaya. Muna tuƙi Auta ya ce, “Yaya, mu ma ba muna da ganuwa a Kano ba?” Muka ce muna da ita. Ya ce, “To me ya sa ba a hawa tamu?” Muka tuna yadda gine-gine da masu ɗibar ƙasa suka cinye ta, muka rasa amsar da za mu ba shi.

Daren ƙarshe a unguwar Musulmi ta Shi'an muka yi shi, bayan mun yi magariba a babban masallacin garin, wanda ake cewa an kafa shi a 742. Titin cike yake da hayaƙin tsiren rago. Muka shiga wani shago aka ba kowa kwano da gurasa mai tauri, aka nuna mana mu gutsuttsura ta da hannu ƙanana-ƙanana. Idan ka gama sai a karɓa a zuba romon rago a dawo maka da shi. Paomo ake kiransa. Mu yara muna ta fama da tsinkayen cin abinci guda biyu, an kuma gargaɗe mu kada mu soke su a tsaye cikin kwano, domin ya yi kama da turaren da suke kunna wa mamata. Umma kuwa ta nemi cokali, ta ɗanɗana, ta ce, “Alhaji, ai wannan gurasa ce da romo.” Ta ƙara kwano na biyu.

'Yan makaranta, mu biyu da ke jami'a mun shiga Sin da wayoyi da Turanci, amma littafin ɗan aji uku ne ya hana tafiyar lalacewa, saboda shi ya kalli allo ya rubuta abin da ya gani, mu kuma muna ɗaukar kanmu hoto. Kuma da mun saurare shi tun ranar da ya fara magana, da Umma ba ta kai ga jiri a kan ganuwa ba. Ga aikinku na wannan mako: ku sami ƙaramin littafi, ku je wani tsohon wuri a garinku, ƙofar gari ce, ko kasuwa, ko marina, ku tambayi wani dattijo tarihinsa ku rubuta. Ku aiko mana, za mu buga uku da suka fi kyau. Auta ne zai zaɓa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.